Da Ƙafar Yaro Ake Auna Unguwa

Shekarun nan duk sallah sai an nemi wasu fuskoki a Zango an rasa. Ka tambayi wane, a ce ai ya koma Sango. Wane fa? Yana Ifo. Wancan kuma ya tsallaka Ibafo. Agegen da kakanninmu suka zo fataucin goro suka sami fili har da wurin ɗaure dabba, yau ɗaki ɗaya ma sai mai ƙarfi. Tun da aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021, ga kuma sabuwar tashar jirgi, masu gidaje suka farga cewa a kan zinariya suke zaune. Ana rushe tsofaffin gidajen haya ana ɗora benaye da shaguna, mu kuma ana miƙo mana takardar tashi.

Tamu takardar bara ta zo, wa'adin wata shida kamar yadda ake ba mai biyan shekara. 'Ya'yana huɗu: babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, maza biyu suna firamare, auta bai shiga ba tukuna. Ni kuma abincina yana Abbatuwa ta Oko-Oba. Ranar da na fara kiran ejan, uwargida ta bari na gama waya sannan ta ce, "Malam, kai fa da asuba kake fita, sai isha'i muke ganinka. Ni da yaran nan ne za mu zauna a unguwar. Ka samo mana makaranta tukuna, gida ya biyo baya." A kan wannan magana muka tsara neman gaba ɗaya, kuma ita nake so in miƙa wa duk wanda takarda ke hannunsa yanzu.

Ejan yakan kai ka ganin gida ranar Lahadi da rana, lokacin da titi ba kowa, ƙasa a bushe. Ni sai na ce a'a, zan dawo da kaina. Kowace unguwa da aka nuna mini, na koma mata ranar Litinin kafin bakwai na safe, na tsaya a ƙofar gidan, na taka da ƙafa zuwa makarantar da yarana za su shiga. Allah ya sa damina ce, don haka unguwa ba ta iya ɓoye halinta.

A Ibafo gidan ya yi mini, ga fili ga rijiya, kuɗin kuma bai kai na Agege ba ko kusa. Amma makarantar kirkin tana wancan hannun babbar hanyar Legas zuwa Ibadan. Na tsaya ina kallon uwaye riƙe da hannun yara suna jiran tirela ta ba su hanya, na ce wannan ba da ni ba. Ga kuma gosulon doguwar gada, wanda zai sa in bar yara suna barci in dawo in same su suna barci. Wanda ke neman ƙasa-ƙasa wajen Kara kuwa, ya tambayi mutanen wurin abin da ke faruwa idan aka saki ruwan madatsar Oyan, ya kuma duba bangon gidajen da kyau. Ruwa yakan bar shaidarsa a bango, fenti ba ya rufe ta duka.

A Sango da Ifo araha ta fi, har mutum ya fara mafarkin sayen fili. Sai dai araha ba ta ado. Mai sayen fili sai ya shirya wa 'yan omo onile, kuɗin harsashi daban, na rufi daban. Lungunan kuma da ruwa ya sauka sun zama kwata, yaro ya fita da farin safa ya isa aji kamar daga gona. Makarantun kuɗi kam ga su nan birjik, kowane layi da tasa, wata ma gida ne mai ɗaki uku aka kafa wa allo da suna mai tsawo.

To a nan ne aikin yake, domin fenti da kayan makaranta masu kyau ba su ne karatu ba. Abin da na riƙa yi, in na shiga makaranta sai in tambayi takardar amincewar gwamnati, in ce a nuna mini da ido. Sai in ce, ɗalibanku a ina suke zana jarrabawar aji uku da ta WAEC? In aka fara kame-kame, ko aka ce ana kai su wata makaranta, na gane. Daga nan in roƙi a ba ni littafin aikin yaro ɗaya, kowane ne, in duba ko malami yana bi da jan biro ko tun farkon zango rabon da a duba. In tambayi malamin lissafi shekararsa nawa a wurin. Makarantar da ke canza malami duk zango albashi ne ba ta biya, kuma yaro ne zai ɗauki asarar. Uwargida ita bayan gida take fara dubawa. Ta ce makarantar da ba ta da bayan gida mai ƙofa da ruwa, 'ya mace da ta fara girma ba za ta daɗe a cikinta ba. Kuɗin makaranta kuma kada ka tsaya ga wanda aka faɗa da baki. Ka ce a rubuta maka har da na littattafai, na lesin, na kayan wasanni da na bikin ƙarshen shekara, sannan ka haɗa da kuɗin Keke na kullum. Sau da yawa abin da ka rage a haya nan yake zurarewa.

Maganar hijabi ma a yi ta tun kafin a biya kuɗin fom. A 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, amma makarantar kuɗi kowace da tsarinta, musamman na coci. Ka tambaya a fili, ka tambayi ƙarfe nawa ake tashi ranar Juma'a. Ka kuma san a wace jiha layinka yake, don a wajen Agbado da Tolget taku kaɗan ne tsakanin Legas da Ogun, kuma makarantar gwamnati ta jiharta ce.

Akwai kuma abin da Zango ke ba mu kyauta, wanda ba ya cikin takardar haya. A nan yaro ya dawo boko ya ajiye jaka ya ɗauki allo, zauren malam yana bayan gida. In ya yi rashin ji a bakin kasuwa, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Hausa kuwa a iska yake shaƙarta. Na ziyarci wani ɗan uwa da ya shekara shida da ƙaura, na ce wa ɗansa, "Yaya karatu?" Yaron ya juya yana kallon ubansa a fassara masa. Uban ya yi dariya, amma na ga dariyar ba ta kai ciki ba. Yarbanci ba abin gudu ba ne. Mu kanmu da shi muke ciniki, kuma tun 2018 doka ta wajabta koyar da shi a makarantun Legas. Yaro ya iya shi, ya iya Turanci, riba ce. Amma ranar da aka kai shi Kano ko Katsina ya kasa gaida kakarsa, wa za a tuhuma?

Saboda haka a lissafinmu muka sa Islamiyya da masallaci daidai da boko. Ban ce dole sai malami Bahaushe ba. Yarabawa suna da makarantun Alƙur'ani nagari, Markaz ɗin Shehu Adamu Al-Ilori da ke nan Agege ya ishe mu shaida. Abin da na nema shi ne wurin da yaro zai je ya dawo da ƙafarsa kafin magariba, da gidajen Hausawa ko da biyar ne da uwargida za ta shiga barka da jaje.

Sai batun maƙwabta. Mu da muke zaune a ƙasar wasu, abin da ya faru a Mile 12 a 2016 da Shasha ta Ibadan a 2021 ya koya mana cewa ranar tashin hankali maƙwabcinka ne katangarka, ko wane yare yake ji. Kafin in biya ko kwabo sai da na je na gaida Baale, na ga shugaban ƙungiyar masu gidaje na layin, na nemi Sarkin Hausawan yankin. Da ɗan gari akan ci gari. Yadda suka karɓe ni ya gaya mini abin da ejan ba zai taɓa faɗa ba.

A ƙarshe wajen Agbado muka sauka, ɓangaren Legas. Ciki biyu da falo, ya fi na Ifo tsada kuma ya fi shi ƙanƙanta. Amma yara suna isa makaranta ba su tsallaka babban titi ba, Islamiyya na layi na biyu, ni kuma ga jirgin da ke bi ta Iju ya tsaya Agege. Hajiya ta ce ita ba inda za ta, a Zango aka kawo ta amarya, a nan za a ɗauke ta. Don haka duk Asabar muna cika danfo mu kawo mata jikoki su wuni, su sha faɗa, su ci tuwo, su ji Hausar da ba gauraye. Dokar gidanmu kuma, daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa kawai.

Ina roƙon malamanmu da masu hali su dubi wannan ƙaura da idon basira. Jama'a suna watsuwa, ya kamata allo ya bi su. Ɗaki ɗaya da malami ɗaya a Ifo ko Ibafo zai tsare gidaje da yawa. Kai kuma ɗan uwa da wa'adi ya matso, kada gaggawa ta sa ka sa hannu ranar Lahadi. Ka jira Litinin, ka jira ruwa, ka taka hanyar da ɗanka zai riƙa takawa. Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya shirya mana zuri'a, ya haɗa mu da maƙwabta nagari. Amin.