Motar Kawu da Injinta Mai Kusurwa Uku

Tun daga injin niƙa na bakin kasuwa har zuwa tirelar da ke jigilar shanu daga Maigatari zuwa Kudu, duk injin da Bahaushe ya saba da shi fistan gare shi. Aikin fistan kuwa aikin taɓarya ne a cikin turmi, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, har wannan daka nasa ya koma juyin ƙafafun mota. A kan wannan sani kanikawanmu suka tashi, da shi suka riƙa kwance Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, su mayar da ita cikin yini guda. To amma akwai wani inji da ba ya daka, burgawa yake yi kamar maburgi a tukunyar miya. Irinsa ne a cikin motar da kawuna ya rasu ya bari, kuma shi ne ya ci mini wata bakwai na shekarar 2023 da wani kaso mai tsoka na abin da na tara.

Motar Mazda ce ƙirar RX-7 ta shekarar 1986, mai ƙofa biyu da fitilu masu buɗe ido in dare ya yi. Kawu ya saye ta gwanjo a Ikko, ya taho da ita lokacin da aka kwaso ma'aikata zuwa Abuja bayan mazaunin gwamnatin tarayya ya komo nan ranar 12 ga Disamba, 1991. A lokacin titunan birnin sun fi ƙarfin motocin da ke cikinsa, mutum zai tashi daga Garki ya kama hanyar filin jirgin sama bai taka birki ba. Da tsufa ya zo masa, ita ma ta fara gardama, aka tura ta ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ta shekara tara a nan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ba ni da rabo a gado. Ranar da aka yi wa kayansa kuɗi, magada suka ga ba mai so, na saye ta a farashin da aka yanka mata, kowa yana yi mini kallon wanda ya sayi wahala da kuɗinsa.

Kafin in shiga labarin gyara, ya kamata mai karatu ya san abin da ke ƙarƙashin bonet ɗin. Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ne ya ƙago injin, na farko ya tashi a kamfanin NSU a 1957. Abin mamaki, mutumin nan har ya rasu a 1988 bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba, saboda raunin gani. Kamfanin Mazda na birnin Hiroshima ya sayi izinin ƙera irinsa a 1961, ya fitar da motarsa ta farko mai wannan inji a 1967, sa'annan RX-7 ta biyo baya daga 1978 zuwa 2002. Manyan kamfanoni da dama sun gwada sun watsar. Shi kansa NSU, yawan sauya wa masu saye injin da ya lalace a motarsa Ro 80 na cikin abubuwan da suka durƙusar da shi. Mazda ce ta yi naci, har wata motarta mai irin wannan inji ta cinye tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991.

Ga yadda yake. A ɗauki kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, wato mai ɗan tsukakken ƙugu, a ƙaddara shi ne cikin injin. A cikin kwanson akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan yi tumbi, shi ake kira rota. Yana juyawa yana kuma zagayawa, kusurwoyinsa uku ba sa rabuwa da bango, saboda haka kullum cikin kwanson a rabe yake ɗaki uku. Yayin da ɗaki ɗaya ke shaƙar iska da fetur, na biyu yana matse nasa filogi na kunna masa wuta, na uku yana fitar da hayaƙi. Babu bawul, ramuka ne kawai a jikin bango waɗanda rotan da kansa yake buɗewa yana rufewa in ya zo wucewa. In ya juya sau ɗaya, sandar tsakiya ta juya sau uku. Injin Kawu, wanda ake kira 13B, rota biyu gare shi, kowane da filogi biyu, kuma girman cikinsa duka bai wuce siisii 1,308 ba, amma yana ba da ƙarfin doki wajen 146. Ƙarami ne ƙwarai, har wanda ya fara leƙawa yakan tambaya ina sauran injin.

Na ja motar zuwa unguwar kanikawa ta Apo. Shawarar da na samu a gareji huɗu iri ɗaya ce: a ciro wannan aljani a yar, a dasa injin Toyota, kayan gyara ga su nan birjik, kowane yaro ya iya. Shawara ce ta hankali, ban raina ta ba, domin kuwa kuɗinta bai kai rabin abin da na kashe ba. Sai dai in an yi haka, abin da zai rage mini ƙwarya ce kawai, alhali ƙarar da nake tunawa tun ina yaro, wadda ke daɗa siranta tana hawa har wata 'yar ƙararrawa ta yi gargaɗi in allura ta doshi 7,000, daga injin take fitowa. A gareji na biyar na sami wani dattijo da ya koyi sana'a a Kaduna, ya kuma taɓa buɗe irin wannan inji sau biyu a Ikko. Bai ce komai ba sai da ya ciro filogi, ya sa yaronsa ya murza makulli, ya kara kunne. Lafiyayyen rota numfashi uku yake yi daidai wa daida. Na gaba ya yi ukun. Na baya ya yi ɗaya mai ƙarfi, biyu raunana.

“Ɗana,” in ji shi, “sil ɗin kusurwa ɗaya ya karye a baya. Zan buɗe, amma da sharaɗi. Ba ka tambayata yaushe.”

“Baba, na yarda. Nawa zai ci?”

“Wannan ma sai mun ga ciki.”

Sil ɗin kusurwa wani ɗan siririn ƙarfe ne, kaurinsa milimita biyu, tsawonsa kamar ɗan yatsa, yana zaune a tsagar kowace kusurwa da sifirin a ƙarƙashinsa yana danna shi jikin bango. Shi ne ringin wannan inji, shi ne kuma lagonsa. Tun farkon al'amari shi ya hana injiniyoyin Mazda barci, domin yana karce bangon kwanso, har suka laƙaba wa tabon suna farcen shaiɗan. In ɗaya ya karye ɗakuna biyu sun haɗe, shi ya sa Baba ya ji numfashi biyu sun raunana.

Kwance injin kamar sauke jeren kwanuka ne. Faranti biyar ne a haɗe, uku na baƙin ƙarfe, biyu na alminiyam, dogayen ƙusoshi sun ratsa su sun ɗaure. Notin bayan injin shi kaɗai, mai faɗin milimita 54, sai da aka sa wa sifana dogon bututu, ƙarti biyu suka rataya. Da aka isa kwanson baya sai ga aika-aikar a fili: guntun sil ɗin ya zagaya ya yi wa bango mai sheƙi zane kamar tsagar gado. Injin fistan in bangonsa ya karce, a kai shi wurin masu gurza, a sa fistan mafi girma, shi ke nan. Wannan kuwa bangonsa wani siririn rufi ne na kurom, in ya ɓare sai dai a nemi wani kwanson. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano, na aika Ladipo a Ikko, babu. Daga ƙarshe wani ɗan kasuwa mai sayo kaya daga Sharja ya samo mini guda na hannu. Sabbin sil da robobin da ke tare ruwa tsakanin faranti kuwa daga Amurka wani ɗan uwa ya riƙo su a jakarsa. Ana cikin haka aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, kuɗin da na ware ya zama bai isa ba, na sayar da wani ɗan fili da nake da shi a bayan Kuje. Uwargida ba ta ce mini uffan ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa nauyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk watannin nan shi ne awo. Sati uku Baba bai ɗaura ko ƙusa ɗaya ba. Ya share wani ɗaki a bayan gareji, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya hana kowa shiga da takalmi, a wurin da ƙasa ta jiƙe da baƙin mai tun shekaru. Kowane faranti sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an zura 'yan siraran ma'auna a ƙarƙashi, a ga ko zafi ya tanƙwara shi. Kowane sil na gefen rota sai an goga shi a hankali har ya shiga gurbinsa da tazarar da ba ta fi kaurin gashi ba. Idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin lambobin ma'auni sai da ƙyar, don haka yaronsa, wani saurayi da ya bar makaranta a aji uku na sakandare, shi ke karantawa, shi kuma Baba yana ji da ɗan yatsa. In karatu da yatsa suka saɓa, a sake. Littafin kamfani da na bugo daga intanet yaron ya haddace shi kamar allo. Na sha jin ana cewa kanikawanmu 'yan canki-canka ne. A ganina, mai mota da ke tsaye a kansu yana duba agogo shi ya koya musu cankar.

Sai maganar gyare-gyare, inda aka yi muhawara. Tun da injin ba shi da bawul, hanyar ƙara masa ƙarfi ita ce a faɗaɗa ramukan shaƙa da na fitarwa da dutsen gurza. Samarin da ke zuwa kallo, waɗanda suka ga irin motar a bidiyo, suka nace a yi mata babbar ɓula, irin wadda ke sa inji ya riƙa tari a tsaye kamar kalangu. Baba ya ƙi. Ya ce wannan na filin tsere ne, inda ba a tsayawa. A cunkoson Nyanya mutuwa za ta riƙa yi kowane taku goma. Ya goge ramukan, ya ƙara musu ɗan faɗi kaɗan, ya tsaya. Sauran kuɗin ya karkatar da su ga abokan gabar da ke nan gida, wato zafi da ƙura. Wannan inji ya fi na fistan zafi, kuma tafasa ɗaya ta isa ta tanƙwara alminiyam ta ƙone robobin ruwa. A watan Maris kuwa zafin Abuja kan kusanci awo 40. Aka sa babban lagireto na alminiyam, aka ƙara fanka mai aiki da lantarki, aka wanke matattarar sanyaya baƙin mai. Saboda hazon hunturu aka sake matatar iska, aka toshe duk wata kafa da ƙura za ta bi, domin ƙwayar yashi a bangon kurom wuƙa ce.

Akwai kuma batun mai. Da gangan aka ƙera injin ya riƙa shan baƙin mai kaɗan-kaɗan, wani ɗan famfo ne ke ɗiga shi ciki don sil ya sami santsi. Baba bai amince da famfo mai shekara talatin da bakwai ba. Ya gyara shi, sa'annan ya ce in riƙa zuba ɗan mai irin na ƙaramin janareta a tanki duk lokacin da na sha fetur. Masu irin motar a Amurka da Japan suna yin haka, suna ɗaukarsa wani ilimi na musamman, alhali a nan duk mai shagon aski ya san haɗin.

Ranar haɗawa, man basilin na kanti aka shafa wa ƙananan sil don su zauna a gurabensu, aka ɗaure na kusurwa da roba irin ta ɗaurin kuɗi, ana zura rota ana zare ta. Da aka gama Baba ya juya injin da hannu, muka ji numfashi shida, kowane da ƙarfinsa. Bai tashi a bugu na farko ba, bai tashi a na biyu ba. A na huɗu ya kama, ya cika gareji da farin hayaƙin basilin, yaran makwabta suka watse suna dariya. Baba ya ce Alhamdu lillahi, ya zauna a kan benci, ya ce a kawo masa ruwa.

Ya gindaya mini dokoki. Kada in kashe ta da sanyi, domin fetur zai jiƙa filogi ta ƙi tashi. Kada allura ta wuce 4,000 sai na yi tafiyar kilomita dubu da ɗari biyar. Na cika wannan adadi ne a tsakanin Kubwa da Zuba, wani lokaci in zarce har gindin Dutsen Zuma in juyo, motocin haya suna wuce ni suna leƙe. Motar mashayiya ce, ga shi tun bayan janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Don haka ranar Asabar kaɗai take fita, sauran kwanaki ina bin motar ma'aikata.

Mazda ta daina ƙera motar da irin wannan inji ke jan ƙafafunta tun 2012, lokacin da RX-8 ta ƙare, ko da yake a 2023 ta dawo da ƙaraminsa a matsayin janareta cikin wata mota mai aiki da lantarki. 'Yan RX-8 ɗin da suka shigo ƙasar nan gwanjo, da dama an riga an dasa musu injin fistan. Bayan tawa ta fita, wani mutum daga Gwarinpa ya jawo tasa zuwa garejin. Baba ya ce idonsa ba zai ɗauki wani aikin ba, ya nuna yaron. Yaron ya zo gida ya roƙe ni aron littafin da ma'aunan da na saya, na ba shi, da sharaɗin ya dawo da su kafin damina, lokacin da za mu sake auna numfashin tawa.