Bodo, Inda Ruwan Daɗi Ya Ke Gamuwa Da Na Gishiri

Matafiyin da ya bar Fatakwal ya nufi kudu maso gabas zai ratsa Eleme, inda aka gina matatar man fetur ta farko a ƙasar nan a 1965, sa'an nan ya shiga ƙasar Ogoni sosai. Gonakin rogo da doya da itatuwan kwakwar manja za su raka shi har ƙaramar hukumar Gokana ta Jihar Ribas. Can a ƙarshen tudu, inda ƙasa ta ke sallama wa ruwa, nan garin Bodo ya ke.

Mutumin Arewa wanda ya saba da kogin da ya ke gangarawa waje guda, kamar Kwara a Yawuri ko Binuwai a Yola, zai sha mamaki a mashigin Bodo. Ruwan nan sau biyu ya ke cikowa a kwana guda, sau biyu kuma ya janye, domin teku ce ke turo shi, ita ce kuma ke janye abinta. In ya janye sai taɓo ya bayyana iyakar ganin ido, kwalekwale su zauna a kansa kamar an ajiye su. Ruwan kuwa ba na daɗi ba ne, ba kuma na teku ba ne tsantsa, gauraye ne na biyun. Irin wannan mahaɗa ita ce ta mamaye bakin yankin Neja Delta, wanda Kwara da Binuwai suka gina da lakar da su ke kwasowa tun daga Gini da Kamaru, shekaru dubbai. Ƙasar Ogoni tana gefensa na gabas.

Sarkin wannan wuri shi ne itacen da masana su ke kira mangurob. Ba ya tsoron gishiri, saiwoyinsa kuma a sarari su ke, sun fito daga jikinsa sun lanƙwasa cikin taɓo kamar ƙafafun gizo-gizo. Da ya ke babu iska a cikin taɓon, ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin saiwoyin nan ya ke shaƙarta. Ganyen da ya kaɗe ya ruɓe shi ne abincin ƙaguwa da jatan lande da ƙananan dodon koɗi, kawa kuma ta manne a jikin saiwa. 'Ya'yan kifi a tsakanin saiwoyin su ke fakewa har su yi ƙarfin fita teku. Watau kurmin nan shi ne ɗakin rainon teku. Maza su shiga kwalekwale da taru, mata kuwa su jira ruwa ya janye su bi taɓo suna tsintar dodon koɗi, da shi a ke miya, da kuɗinsa a ke biyan makarantar yara.

To, a ƙarƙashin wannan arziki ne aka sami wani arzikin. An tarar da mai a Bomu, maƙwabciyar Bodo, a 1958, shekara biyu bayan na Oloibiri. Kamfanin Shell ya yi ta haƙa har 1993, sa'ad da boren mutanen Ogoni ya tilasta masa dainawa. Ran 10 ga Nuwamba, 1995, gwamnatin soja ta rataye jagoran boren, Ken Saro-Wiwa, tare da mutum takwas. Amma fa haƙa kaɗai aka daina. Babban bututun da ke kai ɗanyen mai tashar jiragen ruwa ta Bonny ya ci gaba da ratsa ƙasar.

A 2008 bututun nan ya fashe a mashigin Bodo, mai ya yi ta kwarara makonni kafin a toshe a watan Nuwamba. Cikin Disamba ya sake fashewa, ba a toshe ba sai Fabrairun 2009. Abin da ya ke raya kurmin shi ne ya taimaka wajen kashe shi: duk cikowar ruwa sai ta ɗauki man ta kai shi lungu-lungu, in ta janye ta bar shi a jikin saiwoyi. Da ƙofofin shaƙar iska suka toshe, sai itatuwan suka mutu a tsaye.

A wannan tsakani Gwamnatin Tarayya ta riga ta gayyaci hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNEP, ta zo ta auna ɓarnar da ke ƙasar Ogoni baki ɗaya. Aikin auna muhalli ba kallo ba ne daga cikin jirgi. Ma'aikatan sun yi wata 14 suna bin wurare fiye da 200, sun bi layin bututu na kilomita 122, sun haƙa rijiyoyin gwaji, sun ɗebi ƙasa da ruwa da laka da kifi da iska, samfuri fiye da 4,000, sun kuma duba takardun asibiti fiye da 5,000. Rahoton ya fito a watan Agustan 2011.

Abin da ya ƙunsa ba shi da daɗin ji. A Nisisioken Ogale an tarar mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da benzin, sinadarin da ke haddasa ciwon daji, ninki 900 a kan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita. A kusa da nan an sami tataccen mai, kaurin santimita 8, yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A wurare da dama mai ya nutse cikin ƙasa har mita 5. A Ejama-Ebubu kuwa, man da ya zube shekara 40 kafin binciken yana nan bai gushe ba, ko da ya ke an sha cewa an share. Sai dai wani abu ya zo saɓanin zaton mutane: naman kifin da aka gwada bai tara guba mai yawa ba. Dalili shi ne kifi yana da hanyar gudu. Ya bar gurɓataccen ruwa, masunci kuma dole ya bi shi nesa, da ƙarin wahala da ƙarin kuɗi. Dodon koɗi da kawa, da matan da ke tsintarsu, su ne ba su da inda za su.

Rahoton bai ɗora laifin a wuri guda ba. Ya soki kamfanin saboda rashin kula da kayan aikinsa, ya soki hukumomin gwamnati saboda ba su da ma'aikata da kayan aikin sa ido, har sukan dogara da kamfanonin da ya kamata su bincika wajen kai su wurin da mai ya zube. Ya kuma nuna cewa masu tace mai ta haramtacciyar hanya, waɗanda ke dafa shi cikin ganguna a tsakiyar kurmi, sun hallaka kashi 10 cikin ɗari na mangurob a yammacin Bodo tsakanin 2007 da 2011. Ƙiyasinsa shi ne gyara zai ci shekara 25 zuwa 30, da dala biliyan 1 don shekara biyar na farko.

Mutanen Bodo ba su zauna jira ba. Sun kai ƙara kotu a Landan, a watan Janairun 2015 kuma Shell ya yarda ya biya fam miliyan 55. Miliyan 35 aka raba wa mutum kusan 15,600, ragowar na gari ne. In an yi lissafi, kowa ya tashi da wajen fam 2,200, kuɗin da ba ya sayen shekarun da aka yi ba a jefa taru ba. A watan Yunin 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya je Bodo ya ƙaddamar da aikin share ƙasar Ogoni a hannun hukumar HYPREP. Tafiyar aikin ta sha suka. A ƙarshen 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya bayyana wasu takardu da suka nuna jami'an UNEP suna kukan cewa an ba 'yan kwangila marasa ƙwarewa aikin.

Duk da haka an soma dashe. A mashigin Bodo da na Bomu an wanke taɓo a wasu sassa, an kafa 'ya'yan mangurob jere-jere, mutanen wurin ne kuma ke rainonsu. Sai dai suna da kishiya. Akwai wata kwakwa mai suna nipa da Turawa suka kawo Kalaba daga Singafo a 1906 da niyyar tare zaizayar gaɓa. 'Ya'yanta a kan ruwa su ke yawo, duk inda suka sami taɓon da mangurob ya bari sai su kafu, su yi cunkoso. Ba ta da irin saiwoyin da kawa za ta manne wa, 'ya'yan kifi kuma ba sa samun mafaka a gindinta kamar yadda su ke samu a da. Don haka masu dashen sai sun fara tumɓuke ta da hannu kafin su kafa iri, cikin 'yan sa'o'in da ruwa ya janye.