SHIRU IRI BIYU NE

An sha tambayata dalilin da ya sa kusan duk littafin da na rubuta sai an sami yarinya ta hau dutse ta zauna ita kaɗai. Wasu har cewa suke ko aljanu gare ni. Wallahi ba aljanu ba ne, shiru nake so, kuma rayuwa ta koya mini cewa shiru iri biyu ne: akwai na kwanciyar hankali, akwai na tsoro.

Ni 'yar Kaura Namoda ce, garin da layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya zo ya tsaya a shekarar 1929. Gari ne da ya saba da hayaniyar kasuwa tun zamanin cinikin gyaɗa da auduga. Gidanmu kuwa gidan yawa ne, daga asuba turmi ke tashi, yaro na kuka, kishiyoyi na habaici. 'Ya mace a irin wannan gida ba ta da inda za ta zauna ta ji numfashinta, ko ɗaki ta shige sai an ƙwala mata kira.

Wajen shekarar 2002, ina 'yar shekara 12, in an yi hutun Disamba akan kai mu ƙauyen kakata a ƙasar Zurmi. Akwai wani dutse a gaba da ƙauyen, Yayana kuma yana da tsohon keke Raleigh. Lokacin hunturu shi ya fi daɗin wannan tafiya, domin an gama girbi, an kwashe kara, hanyoyin gona sun buɗe, hazo kuma ya kashe kaifin rana. Mukan fita bayan sallar asuba, na shafe leɓe da duga-dugai da man kaɗe saboda tsagewa, na ɗaure fura da ƙuli-ƙuli a ƙwarya.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, daga Sahara, mu kuma can muka nufa. Saboda haka a zuwa Yaya ke tuƙi ina bisa kariya, iska na dukanmu a fuska, haƙorana na kaɗawa. In mun iso yashi sai mu sauka mu tura. A dawowa kuwa iska na bayanmu, nan yake ba ni keken, in zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda in taka feda, shi yana gudu a gefe yana cewa, "Riƙe birki, ke ƙanwata, kada ki kashe mini taya!"

Keke yana kai mutum gindin dutse ne kawai, sauran aiki na ƙafa ne. Mukan jingine shi a gindin aduwa, mu duba ƙaya da kyau, don in taya ta yi faci babu mai gyara sai an koma gari. Ba sarƙa ba kwaɗo, babu wanda zai taɓa. Hawan kan sa gumi ya karyo duk da sanyin, amma ba a cire rigar sanyi a sama, domin iska na bugun jiƙaƙƙen jiki sai mura.

A can sama, Allah sarki! Ba ka jin komai sai iska da kukan kurciya, jefi-jefi muryar makiyayi daga nesa. Rumbuna da bukkoki sun zama ƙanana cikin hazo. Babu mai aike na, babu mai kirana. A nan na fara tsara labari a zuciyata tun ban san ana buga littafi ba. In mun dawo kakata takan ce, "Ke ɗiyar ga, mi kika aje bisa dutci?" Sai ta ba mu labarin cewa mutanenmu da dutse ba baƙin juna ba ne, tunda a Dutsi, nan ƙasar Zurmi, tarihin baka ya ce sarakunan Zamfara na farko suka zauna.

Abu biyu suka raba ni da dutsen nan. Na farko girma. Ina zama budurwa aka ce keke ya ƙare, wai abin kunya ne, alhali Yaya ya ci gaba da hawansa har ya yi furfura a gemu. Na biyu ya fi ciwo, don bai bar mace ba bai bar namiji ba. 'Yan bindiga sun mamaye dazuzzuka irin su Dumburum, hanyar Kaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi suka zama sai da addu'a. A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya a jihar, ranar Alhamis ta zo kasuwar Shinkafi babu kowa. Ƙauyen kakata ya watse, gonakin gindin dutsen suka koma jeji. Dutsen ya fi da shiru, amma wannan shi ne shiru na biyu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da dama suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, masu faci suka sami aiki. Nakan ga yara mata da hijabinsu suna tuƙawa zuwa Islamiyya, raina ya yi fari. Sai dai iyakarsu bakin gari. Diyata ta iya keke fiye da ni, amma in aka ce mata dutse ko daji, abin da take ji shi ne inda ake kai mutanen da aka sace. Wannan asara ce da ba a lissafa ta tare da shanu da hatsi.

Roƙona gare ku iyaye, ku riƙa ba yara labarin yadda dajin nan yake a da, don kada su taso suna zaton haka Allah ya halicce shi. Ku kuma bar 'ya'ya mata su hau kekensu cikin sutura da mutunci. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, mu mutanen Zamfara ba a littafi muka karanta wannan ba. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da kowa gonarsa lafiya, amin summa amin.

Taku har kullum.