Haƙori Ɗaya

Kuɗin makarantata duk daga cikin wata tsohuwar Peugeot 504 suka fito, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Da ita mahaifina yake jigilar fasinja tsakanin Zariya da Funtuwa. Ni kuwa in an yi hutu gareji yake tura ni, wai kada boko ya kashe mini hannu.

A wani hutu sarƙar taimin ɗin motar ta saki, aka sayo sabuwa. Ran nan maigidan garejin ya tafi jana'iza, ni kuma karambani ya ɗebe ni, irin na akuya mai gai da kura. Na ɗaura sarƙa, na rufe, na ja bakina na yi shiru.

Mota ta tashi, amma fa ba ita ba ce. A silo sai ta yi ta makyarkyata kamar mai masassara, da Baba ya ɗaga ƙafa daga totur a mararraba sai ta mutu. In ta cika da fasinja, da ƙyar take ɗagawa. Abin mamaki kuwa, in ta kama hanya ta miƙe, da wuya ka ce wani abu na damunta. Aka wanke kafireto, aka sauya filogi, duk a banza. Kwana uku ke nan, fasinja suka fara gudun motar a tasha, Baba kuma ya soma cewa maigida tsufa ya kama shi.

Bari in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗaliban harshe bayani. A wannan inji kowace silinda tana da bawul biyu, watau ƙofar shigar iska da mai, da ƙofar fitar hayaƙi. Kamshaf ke buɗe su, shi kuwa juyi ɗaya yake yi in karanshaf ya yi biyu, sarƙar ce ke riƙe da wannan alkawari. To, akwai ɗan ƙiftawar ido, sa'ad da fistin ya kai ƙololuwa yana gama korar hayaƙi, da ƙofofin biyu suke buɗe tare. In inji na gudu, hayaƙin da ke fita a guje yakan jawo sabuwar iska a bayansa, ƙarfi ya ƙaru. A silo ba shi da wannan hanzari, sai ya komo ya gurɓata man, wuta ta kama a wannan juyi ta ƙi a wancan. Shi ya sa motocin tsere, da ake tsawaita musu wannan lokaci da gangan, ba su iya tsayuwa shiru. Daga baya masu ƙira sun sami dabarar da inji zai riƙa sauya lokacin da kansa, Alfa Romeo a 1980, Honda da VTEC a 1989. Ta Baba ba ta san wannan gata ba, inda aka ɗaure ta nan take.

Ni kuwa haƙori ɗaya na gota, kamshaf ya makara. Ƙofar hayaƙi ba ta rufe ba har fistin ya yi nisa da sauka, ƙofar mai ma ta makara, fistin na hawa yana mai da abin da ya zuƙa.

Rana ta huɗu maigida ya saurari injin, ya sa aka kwance gaba. Ya ɗora yatsa kan alamun da ya kamata su dubi juna, sa'an nan ya dube ni, dubawa ɗaya tak. Ya gyara, mota ta kwanta lumui.

"Alhaji, kuskuren gareji ne," in ji shi. "Riƙe kuɗinka."

Muna hanyar gida na ce, "Baba, ni ne na ɗaura sarƙar nan."

Bai ce uffan ba. Sai da muka kai bakin layinmu ya taka burki, ya juya kan mota, muka koma gareji, yana laluben aljihun babbar rigarsa.