Bindigar soso: wanda ya cire takunkumi shi ke riƙe linzami

A ƙasar Amurka akwai waɗansu manyan mutane, masu iyali da albashi, waɗanda in ranar asabar ta zo sai su baje bindigogin wasan yara bisa tebur, su kwance ƙusoshinsu ɗaya bayan ɗaya, su yini suna lalube cikin roba. Mai karatu zai iya cewa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. To amma in aka tsaya aka duba abin da suke nema cikin cikin wannan ƴar bindiga, sai a tarar da wata tambaya wadda ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci baki ɗaya: in mutum ya sayi abu da kuɗinsa, ya cire iyakar da maƙerin ya sa masa, wa zai ɗauki alhakin abin da ya biyo baya?

Asalin abin ƙwallo ne. A shekarar 1969 wani mai ƙirƙira wasanni, Reyn Guyer, ya kai wa kamfanin Parker Brothers ƙwallon soso wanda za a iya jefawa cikin ɗaki ba tare da an fasa fitila ba. A 1970 aka fito da shi kasuwa da sunan Nerf, aka sayar da fiye da miliyan 4 cikin shekara guda. A 1991 sunan ya faɗa hannun kamfanin Hasbro, a 1992 kuwa aka fito da bindiga ta farko mai harba ƴar kibiyar soso. Kada a raina kuɗin da ke cikin wannan harka: a 2013 masu sasanci sun yanke wa Hasbro biyan kusan dalar Amurka miliyan 73 ga Lonnie Johnson, injiniya baƙar fata wanda ya yi aiki a hukumar NASA, saboda haƙƙinsa bisa waɗansu bindigogin kamfanin.

Ita kibiyar ba ta da wani kwarjini. Tsawonta santimita 7 da ɗan kai, nauyinta wajen giram 1, jikinta soso, kanta roba mai taushi. Hanyoyin harba ta biyu ne suka fi yawa. Ta farko irin ta famfon keke ce: a ja fistin baya ya matse sifirin, in aka taɓa kunama sifirin ya saki, fistin ya tunkuɗo iska, iska ta tunkuɗa kibiya. Ta biyu da batir take aiki: ƙananan injuna biyu ne ke juya ƴan fayafai biyu da sauri, kibiya ta shiga tsakaninsu, su cafke ta su wurga. Jerin da ake kira Elite, wanda ya fito a 2012, an yi tallarsa da cewa yana kai mita 23. Saurin kibiyarsa kuwa wajen mita 21 ne cikin daƙiƙa guda.

Wannan sauri ba shi ne iyakar abin da bindigar za ta iya ba. Da gangan aka tsaida ta nan, domin an yi ta ne don ƴan shekara 8. Cikin bututun akwai wata ƴar ƙofa mai rage wucewar iska, wadda kuma take rufewa in babu kibiya, iskar da ta toshe ta zama matashi, fistin ya kasa bugun roba har ya fasa ta. Ita ce abin da mai gyara yake fara cirewa. Daga nan ya sa sifirin mai ƙarfi, ya sake zoben roba na fistin ya shafa masa mai don kada iska ta zurare, ya sa bututun tagulla wanda ya kama kibiyar daidai. In mai batir ce, sai ya fidda siraran wayoyin kamfani ya sa masu kauri, ya sake injuna, ya ɗaura batir irin na ƙananan jirage marasa matuƙi, ya matso fayafan kusa don su ƙara damƙar kibiya. Su ne kuma suka gano cewa kibiya mai rabin tsawo ta fi tafiya miƙe, ba ta rawa a iska kamar doguwa. Tun ana yanka ta da hannu daga soson da magina ke cusawa cikin tsagar bango, har masana'antu suka shiga yin ta.

Duk abin da aka ƙara, akwai abin da ya biya shi. Bindigar da aka cire wa ƙofar iska, in aka harba ta babu kibiya, kanta take ci. Sifirin mai ƙarfi yana tsinka maƙalar kunama wadda ba a yi ta don wannan nauyi ba. Batir mai ƙarfi in an yi masa sakaci yana kumbura, har ya kama wuta. Mai gyara na gaske ya san wannan ciniki, kamar yadda mai mota ya san abin da lodi fiye da kima yake yi wa taya.

Babban lissafin dai yana wajen ido. Duk wanda ya zauna ajin kimiyya ya san cewa in sauri ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninkawa huɗu yake yi. Kibiyar da aka ɗaga daga mita 21 zuwa mita 46 cikin daƙiƙa, bugunta ya fi ninki huɗu na asali, alhali a ido soso ɗaya ne. A fata ƙuna ce ta ɗan lokaci; a ƙwayar ido magana ta sake. A 2017 likitocin asibitin ido na Moorfields da ke Landan sun bada labarin mutum uku, manya biyu da yaro ɗan shekara 11, waɗanda jini ya taru cikin idonsu bayan an harbe su da irin wannan kibiya, kuma suka ja kunne game da kibiyoyin da ba na kamfani ba, masu kai mai tauri.

A nan ne waɗannan mutane suka cancanci a saurare su. Da suka cire iyakar kamfani, ba su zauna babu iyaka ba, sai suka kafa tasu. A filin wasansu akwai na'urar auna sauri a bakin shiga. Kowace bindiga sai an harba ta gaban jama'a, in ta zarce ƙa'idar ranar, mai ita ya maida ta jaka ko da ya kwana bakwai yana gyaranta. Ba a shiga fili babu tabarau na kariya. A wasan farauta da ɗaliban kwalejin Goucher ta jihar Maryland suka fara a 2005, wanda ya bazu cikin jami'o'i masu yawa, ana yawan tsaida sauri wajen mita 40 cikin daƙiƙa, domin ana harbi ne kusa da kusa. A fili mai faɗi, tsakanin manya, ana ɗaga ƙa'idar. Babu ɗan sanda a wurin, babu alƙali. Kunyar abokin wasa ce ke riƙe doka.

Akwai gyara guda wanda ba ya ƙara sauri ko kaɗan, amma ya fi kowane haɗari, wato fenti. Tun 1988 dokar Amurka ta wajabta sa alama mai launin ruwan goro a bakin bindigar wasa, don a bambanta ta da ta gaske. Wanda ya shafe tasa da baƙin fenti don ta yi kyau a hoto, ya shafe abin da ke gaya wa baƙo cewa wasa ne. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Cleveland, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana riƙe da bindigar wasa mai harba ƙwayoyin roba, wadda alamar bakinta ta ɓace. Ba bindigar soso ba ce, kuma ɓatan alama bai wanke wanda ya yi harbin ba. Amma wanda ya san wannan labari ya san abin da ya sa ƙungiyoyi da dama ba sa yarda a zo filinsu da baƙar bindiga.

Ga ƴan kasuwa kuma akwai abin lura. A 2019 Hasbro ya fito da jerin Ultra, wanda aka ƙera yadda ba zai harba kibiyar kowa ba sai tasa, mai tsada. Masu saye suka ga an ɗaure su da igiya, suka yi ta ƙorafi. A wannan lokaci kuwa masu gyara sun riga sun fara zana bindigoginsu suna raba zanen kyauta ta intanet, kowa ya fitar da sassan da na'ura mai ƙera kaya da narkakkiyar roba. Wani kamfani ƙarami, mai alamar Dart Zone, ya ga inda kasuwa ta nufa: a 2020 bindigarsa Nexus Pro ta shiga kantunan Walmart, tana harba gajerar kibiya da saurin mita 46 tun daga kwali. Sai a 2023 Hasbro ya bi sahu da tasa mai gajerar kibiya, don ƴan shekara 14 zuwa sama, da tabarau cikin kwalin. Abin da aka daɗe ana kallo a matsayin ɓarnar kaya, shi ne ya koma kan kanta da farashi.

Saboda haka hukuncin da ya dace da su ba dariya ba ne. Mutum yana da iko ya buɗe abin da ya saya, ya san yadda yake aiki, ya gyara shi. Wanda bai taɓa kwance komai ba, kullum a hannun mai sayarwa yake. Sai dai ranar da ya cire ƴar ƙofar nan, ya karɓi aikin da take yi, kuma ba ya da sauran damar cewa laifin kamfani ne. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa, in ji Hausawa. A wannan wasa kuwa sau da yawa idon wani ne.

Bindigogin roba suna cika kasuwanninmu in salla ta gabato, waɗansu na soso, waɗansu masu ƙwaya mai tauri, kuma galibi babu wanda ya auna ƙarfinsu kafin su isa hannun yaro. Mai shigo da su ya karanta shekarun da aka rubuta bisa kwali, uba kuma ya gwada harbin a tafin hannunsa kafin ya biya. In ya ji zafi a tafi, ya tuna da cewa ido bai kai tafi juriya ba. Allah ya kare mana ƴaƴanmu.