Makonni Shida a Gaɓar Tekun Hudson

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, amma bai faɗi ta wace ƙofa ilmin zai shigo ba. Ni dai nawa ta ƙofar ɗakin girki ya shigo, ina tsaye gaban tarin kwanuka, a wani wuri da ko a mafarki ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba.

A shekarar 2019 ina karatun digiri na biyu a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, bayan na shafe shekara 11 ina koyarwa a makarantar sakandare a gida. Da na sami sararin makonni shida kafin in fara rubuta kundin bincikena, sai na nemi aikin sa-kai a Cibiyar Nazarin Arewa ta Churchill. Sharaɗin a fili yake: babu albashi, sai abinci da makwanci. Duk da haka, a zuciyata na riga na hango kaina kafaɗa da kafaɗa da masana, ina fashin baƙi suna gyaɗa kai.

Garin Churchill yana gaɓar yammacin Tekun Hudson, a arewacin lardin Manitoba, kuma mazaunansa ba su wuce 900 ba. Babu hanyar mota da ta isa can, sai dai jirgin sama ko na ƙasa. Ni na ƙasa na hau, muka yi kwana biyu muna tafiyar kimanin kilomita 1,700. Tun ina ganin gonaki, har suka ba da wuri ga dazuzzuka masu duhu. Sannu a hankali itatuwan suka riƙa gajarta suna sirancewa, har muka iso inda za ka ga bishiya ɗaya tilo, rassanta duk sun koma gefe guda saboda dukan iska. Da na sauka, iskar da ta mare ni ta sa na gane cewa abin da muke kira jaura a watan Janairu wasan yara ne.

Ita cibiyar an kafa ta ne a 1976, kimanin kilomita 23 gabas da garin, a tsohon filin da aka riƙa harba rokoki tun daga shekarun 1950 domin nazarin sararin sama. Abin da ke jawo masana zuwa wurin shi ne, a nan ne abubuwa uku suka haɗu: ƙarshen dajin arewa, da farkon fetal ɗin filin nan marar itace da ake kira tundura, da kuma teku. A ƙarƙashin wannan fili akwai ƙasar da ke daskare rani da damina.

Washegarin isowata aka miƙa mini rigar girki da soso. Aikina shi ne wanke-wanke, da feraye dankali, da share ɗakin cin abinci, da sauya zannuwan gado. Ban ce uffan ba, amma abin ya tsaya mini a wuya. Ranar Juma'a na kira mahaifiyata a waya. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, “Kai wannan, wane karatu ake koya muku a can?” Na ce, “Inna, wanke-wanke nake yi.” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, “To, ka wanke su fita.” Na ajiye waya ina jin haushi, domin na so a ce ta taya ni jin zafin abin.

Zuwan nawa ya dace da lokacin farin beyar, wato watannin Oktoba da Nuwamba. Wannan dabba, wadda namijinta kan haura kilo 500, abincinta wata dabbar ruwa ce mai kitse da ake kira sil, mai ɗan kama da ayu, kuma a kan ƙanƙarar teku take farautarta. Idan ƙanƙara ta narke a wajajen watan Yuli, sai beyar ya hauro tudu ya zauna kusan wata huɗu babu wani abincin kirki, yana zubar da kimanin kilo ɗaya na nauyinsa a kullum. Da kaka ta yi nisa sai su taru a gaɓar Churchill suna jiran teku ya sake daskarewa. Saboda haka dokar cibiyar guda ce, kuma an nanata mana ita tun ranar farko: kada kowa ya fita shi kaɗai, sai da rakiyar mai gadi. A cikin gari ma mutane kan bar motocinsu ba a kulle ba, domin wanda ya yi kiciɓis da beyar ya sami mafaka.

A mako na uku ne wata mai bincike, dattijuwa mai ƙarancin magana, ta nemi wanda zai riƙe mata littafi. Na yi wuf na miƙa kaina. Muka fita da mai gadi da bindigarsa, sanyi ya kusa digiri 20 ƙasa da sifili. Abin da take yi bai wuce ta soka sanda mai awo cikin dusar ƙanƙara ba, ta faɗi zurfinta, ni kuma in rubuta da fensir, domin tawadar biro daskarewa take yi. Mu matsa gaba, ta sake sokawa. Haka muka yi ta yi har yatsuna suka daina jin fensirin. Rana kuwa gajera ce ƙwarai, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korar su.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri, na tambaye ta ko wannan shi ne binciken gaba ɗaya. Ta bayyana mini cewa dusar ƙanƙara bargo ce ga ƙasa: inda ta yi kauri ƙasa ba ta yin sanyi sosai, kuma wannan yana shafar daskararriyar ƙasar da ke ciki, da ma rayuwar ƙananan itatuwa. Ta ƙara da cewa lambar da na rubuta yau ba ta faɗin komai ita kaɗai, sai an jera ta da na shekaru masu yawa, waɗanda aka auna a wuri ɗaya kuma ta hanya ɗaya. Wai mafi yawan waɗanda suka riƙe mata littafi kafin ni, daga ɗakin girki suka fito.

Da na tsaya a nan da na tsira da mutuncina. Amma wani dare hasken arewa ya bayyana, kore shar, yana kaɗawa a sama kamar an shanya mayafi. A saman ginin akwai wata ƙubba mai garai-garai da aka tanada domin kallonsa, sai dai hoton da na ɗauka ta cikinta bai gamsar da ni ba. Na ce a raina, taku goma kawai, wa zai sani? Na buɗe ƙofa na fita, na ɗauki hotona, na komo ina murna.

Da gari ya waye dattijuwar nan ta kira ni bakin ƙofa. Ga sawun takalmina a kan dusar ƙanƙara, ga kuma wani sawun ya ratsa ta kansa, kowane taku ya kusa faɗin faifai. Gwiwoyina suka yi sanyi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi da abin ya faru, ba ni kaɗai zan tafi ba, domin dabbar da ta taɓa mutum da wuya a bar ta da rai, alhali ita yunwa ce kawai ta kawo ta. Na je na faɗi laifina da bakina ga shugabar ma'aikata, na ba da haƙuri. A ranar ne na fahimci cewa girman kan da ya sa na raina soso, shi ne ya sa na raina doka.

Sauran makonnin na yi su da wata zuciya daban. Na lura cewa mutumin da ya yini a cikin wannan sanyi, in bai tarar da abinci mai zafi a kwano mai tsabta ba, gobe ba zai iya fita awo ba. Na wanke su sun fita, kamar yadda Inna ta ce.

Bayan na dawo gida na karanta sakamakon ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2021, wadda ta ƙiyasta cewa fararen beyar na yammacin Tekun Hudson sun ragu zuwa 618, daga 842 a 2016, alhali a ƙarshen shekarun 1980 sun kai kimanin 1,200. Masana na danganta raguwar da yadda ƙanƙara ke saurin narkewa tana kuma jinkirin daskarewa, abin da ke tsawaita zaman yunwar dabbar. Da ban je can ba, da lambobi uku kawai zan gani. Yanzu kuwa ina ganin mutanen da suka yi shekara da shekaru suna ƙirgawa, da waɗanda suka yi musu girki.

A da, kiran suna da safe shi ne aikin da na fi rainawa a makaranta, har nakan bar wa shugaban aji. Da na koma bakin aiki sai na karɓi rajistata. Cikin zango guda na lura akwai wata ɗaliba da ba ta zuwa duk ranar kasuwar garin. Fashin rana ɗaya ba ya faɗin komai, amma da aka jera su sai magana ta fito: talla ake ɗora mata. Na sami mahaifinta muka zauna, aka daidaita a kan ta riƙa zuwa kasuwar bayan an tashi daga makaranta.

Hoton nan na hasken arewa yana nan cikin wayata har yau. Yana da kyau ƙwarai, amma ban cika nuna shi ba, domin duk wanda ya gani sai ya tambayi yadda aka yi na ɗauke shi.