Ƙaurar Baƙuwa Mai Manyan Shafuka, Daga Geza

Litinin

Bikin ƙanwata ya kawo ni Geza, aiki kuma ya biyo sawuna. Da hantsi abokin aikina ya kira daga Legas: ɗaya daga cikin manyan kwamfutocinmu ta fara ciwon ƙwaƙwalwa, sai an kashe ta an canja mata kaya. A cikinta akwai baƙuwa, wato kwamfutar da ba ta da jiki sai na aro, ita ce ke riƙe da lissafin masu POS. In ta tsaya, har a kasuwar Bagudo za a ji a jika. Dole a ƙaurar da ita zuwa wani masauki tana tsaka da aiki.

Ba sabon abu ba ne. VMware ta fito da VMotion tun 2003, mu kuma da QEMU da KVM muke yi. Abin da ya dame ni shi ne ƙwaƙwalwar baƙuwar: gigabayit 64, an yanka ta shafi-shafi, kowane shafi gigabayit guda.

Talata

Sabis sai bayan gari, gindin wata tsamiya. Can ma wayata kan tsallaka layin Benin, saƙon maraba ya shigo da Faransanci. Ba komai, umarni kawai nake turawa, kayan a Legas suke tafiya.

Sabon masaukin ya ƙi karɓar baƙuwa. Fili yana da shi, amma a warwatse, shafin gigabayit kuwa sai wuri ɗaya a jere. Muka sake kunna shi, muka ware shafukan tun daga tashi.

Kawu, da ya biyo ni da tabarma, ya ce, "Kai ɗan nan, me ya kai ku yanka manya haka?" Na ce, "Kawu, sauri ne." Shafi na yau da kullum kilobayit 4 ne. Injin yana da ɗan allon da yake tuna inda shafuka suke, kuma allon ba ya ɗaukar da yawa. Shafi mai megabayit 2 yana maye gurbin ƙanana 512, mai gigabayit kuwa 262,144. Sai laluben ya ragu. Ya ce to Allah ya taimaka, ya koma sauraren rediyonsa.

Laraba

Mun gwada hanyar da kowa ya sani, wadda masu Xen na Kambirij suka bayyana a 2005: a kwashe ƙwaƙwalwa duka baƙuwa na aiki, a dawo a kwashe abin da ta taɓa, a yi ta zagayawa har saura ya zama kaɗan, sannan a tsayar da ita na ƙiftawar ido. QEMU milisakan 300 yake yarda da shi in ba ka canja ba.

A nan manyan shafuka ke fara cin amana. Don KVM ya gane inda aka taɓa, sai ya farfasa taswirar babban shafi zuwa ƙananan kilobayit 4. Saurin da aka sayo da tsada sai ya gudu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Tun Linux 5.18 ana yin farfasawar gaba ɗaya tun farko, ba sai baƙuwa ta yi ta tuntuɓe ba, amma nauyin bai tafi duka ba. Ga shi ranar hada-hada ce, tana ɓata shafuka fiye da yadda waya ke kwashewa. Muka kunna abin shaƙe ta, wanda ke rage mata gudu, yana farawa da kashi 20 cikin ɗari yana hawa goma-goma. Kafin ya yi nisa koke ya fara shigowa, muka janye.

Alhamis

Kamu ake yi a gida, ni ina gindin tsamiya muna gardama. Abokina yana son hanya ta biyu, wadda ta shiga QEMU 2.5 a 2015: a tayar da baƙuwa a sabon masauki tukuna, duk shafin da ta nema a aiko mata. Ya ce ai tun QEMU 2.9 da Linux 4.11, a 2017, hanyar ta iya manyan shafuka.

Ta iya, amma da sharaɗi. Ba a ajiye rabin shafi, sai ya iso cif. Kamar ka je awon mudu ɗaya na shinkafa a ce ka jira a sauke tirela. A wayarmu mai gigabit 10, shafin megabayit 2 bai kai milisakan 2 ba, na gigabayit kuwa kusan daƙiƙa guda ne, baƙuwa na sandare. Tana farfaɗowa ta nemi wani. Injiniyoyin Google sun kawo gyaran da zai bari a ajiye gutsure-gutsure a 2022, ba a karɓe shi cikin Linux ba.

Sannan ga kasada: muddin ana cikin ƙaurar, rabin hankalinta na nan, rabi na can. QEMU 3.0 ya kawo hanyar ɗorawa in waya ta yanke, amma in masauki ɗaya ya mutu, ta tafi ke nan. Namu kuwa tsohon masaukin dama majinyaci ne. Na ce ban yarda ba, kuɗin mutane ne.

Juma'a

Ƙarfe uku na dare, makaɗa sun tashi, masu POS sun kwanta. Muka koma hanyar Laraba ba tare da shaƙewa ba. Kwasar farko ta ɗauki kusan minti ɗaya, saura ya yi ta raguwa, baƙuwa ta tsallaka ba wanda ya kira.

Bayan sallar Juma'a na rubuta wa shugabanmu shawarata: duk baƙuwar da za a iya buƙatar ɗagawa da rana, a ba ta shafin megabayit 2. Mai gigabayit a bar wa wadda aka yarda a kashe in ta kama. Gobe ɗaurin aure, na gaya musu wayata a kashe take.